Haikalin Kali na Dakshineswar da Matar da Ta Gina Shi

A gabashin ƙasar Indiya akwai yankin da ake kira Bengal. Babban birninsa shi ne Kolkata, wanda aka daɗe ana kira Kalkata har shekara ta 2001 da aka gyara sunan. Birnin yana zaune a bakin kogin Hugli, wanda reshe ne na babban kogin nan Ganga. Idan mutum ya bi gaɓar gabas ya nufi arewa kamar tafiyar kilomita 10 daga tsakiyar birni, zai iso wani gari mai suna Dakshineswar. A nan ne wani haikali yake tsaye dab da ruwa, da tulluwa tara a kansa, tsayinsa ya kai mita 30. Mabiya addinin Hindu suka gina shi domin allahiyarsu Kali, kuma tun shekara ta 1855 ƙafa ba ta ɗauke a wurin ba.

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin irin waɗannan wurare a finafinan Indiya: siffa mai hannuwa da yawa, da furanni, da fitilu, da ƙararrawa. Amma fim ba ya faɗin wanda ya gina ɗakin, ko irin wahalar da aka sha kafin a buɗe ƙofarsa. Labarin Dakshineswar ya cancanci a ji shi, domin mace ce ta gina wurin, gwauruwa, daga dangin da manyan malaman addininta suke ganin ba su isa su miƙa wa allahiya abinci ba.

Kogin da allahiyar

Kogin Ganga ya taso daga duwatsun Himalaya, ya yi tafiyar kilomita 2,500 kafin ya faɗa teku. A wurin Hindu wannan ba ruwa ba ne kawai. Suna ɗaukan kogin kamar uwa, suna gaskata cewa wanka a cikinsa yana wanke zunubi, kuma wanda aka ƙone gawarsa a bakinsa aka zuba tokar a ciki ya yi kyakkyawan ƙarshe. Shi ya sa a kowane gari na bakin kogin za ka ga matakala ta dutse ko ta bulo tana gangarawa har cikin ruwa. Sunan wannan matakala gat. Gina gat aikin lada ne a wurinsu, kamar yadda haƙa rijiya yake a wurinmu. Tun da Hugli ruwan Ganga ne, mutanen Kolkata Ganga suke ce masa.

Kali kuwa ita ce allahiyar da mutanen Bengal suka fi ƙauna. Wanda bai saba ba, in ya ga siffarta sai gabansa ya faɗi. Baƙa ce wuluk, harshenta a waje, tana rataye da sarƙar kawunan mutane a wuya. Hannuwanta huɗu. Na hagu biyu suna riƙe da takobi da yankakken kai, na dama biyu kuwa ɗaya yana nuna alamar kada a ji tsoro, ɗayan yana nuna alamar kyauta. Tana tsaye a kan ƙirjin mijinta Shiba, wanda yake kwance fari fat. Masu yi mata sujada suna bayyana cewa ita ce lokaci wanda yake cinye kome, ita ce kuma take haifar kome. Suna kiranta Ma, wato Uwa. A Dakshineswar ana kiranta Babatarini, ma'ana wadda take ƙetarar da mutane daga tekun duniyar nan.

Ƴar masunta a gidan attajirai

An haifi Rashmoni a shekara ta 1793 a ƙauyen Kona, arewa da Kolkata. Iyayenta talakawa ne daga dangin Kaibarta, waɗanda aka sani da su da noma. Sunan Rani da aka laƙa mata yana nufin sarauniya, amma ba ta gaji sarauta ba. Suna ne na gida da ya bi ta, daga baya talakawa suka tabbatar mata da shi saboda hannunta a sake yake.

A nan dole mu tsaya mu fahimci wani abu, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Al'ummar Hindu a rarrabe take hawa hawa bisa ga haihuwa. A sama akwai Birahminawa, su ne firistoci da malamai. Sai mayaƙa da sarakuna, sai ƴan kasuwa, sai Shudura masu hidima. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai waɗanda ko taɓa su ba a yi. Mutum ba ya fita daga hawan da aka haife shi ciki kome dukiyarsa. Babban wurin da wannan bambanci yake bayyana shi ne abinci. Birahmin mai kiyaye al'ada ba ya cin dafaffiyar shinkafa daga hannun Shudura. Dangin Rashmoni kuwa cikin Shudura ake lissafa su.

Tana ƴar shekara 11 aka aurar da ita ga Rajchandra Das, ɗan wani attajiri na unguwar Janbazar a Kolkata. A lokacin, Kamfanin Gabashin Indiya na Ingilishi shi ke riƙe da Bengal, tun bayan yaƙin Palashi na 1757. A shekarar da aka haife ta ne kamfanin ya kafa dokar da ta mayar da masu karɓar haraji su zama masu ƙasa, muddin suna biyan abin da aka yanka musu kowace shekara. Gidan mijinta ya yi arziki da ciniki da kuma irin waɗannan filaye. Rajchandra ne ya gina matakalar da ake kira Babugat a 1830, wadda har yanzu tana nan a Kolkata.

Ya rasu a 1836, ya bar ta da ƴaƴa mata da dukiya mai yawa. Mutane sun zaci dukiyar za ta watse a hannun mace. Sai ta riƙe ragamar da kanta, ta ɗauki surukinta Matur Mohan Biswas ya zama hannun damanta, dukiya ta ci gaba da ƙaruwa.

Akwai labari ɗaya da mutanen Bengal ba su gajiya da faɗi a kanta. Hukumar Ingilishi ta ɗora haraji a kan kamun kifi a kogin Hugli, abin ya kuwa faɗa a kan ƙananan masunta. Suka kai kuka wurinta. Ba ta yi gardama da kowa ba. Sai ta biya rupi 10,000 ta karɓi hayar wani yanki na kogin a rubuce, sa'an nan ta sa aka gitta sarƙoƙin ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, ta ce masunta su yi kamunsu kyauta. Jiragen ruwa na ƴan kasuwar Turawa suka tsaya cik. Da aka tambaye ta dalili, ta ce jiragen suna korar kifi daga ruwan da ta biya kuɗinsa. Ba yadda hukuma ta iya, sai ta mayar mata da kuɗinta, ta janye harajin. Hausawa sun ce dabara ta fi ƙarfi.

Mafarki da gini

A shekara ta 1847 Rashmoni ta shirya tafiya ziyara zuwa Kashi, wato Baranasi, birnin da Hindu suka fi girmamawa a bakin Ganga. Jirgin ƙasa bai zo ba tukuna, tafiya ta kogi ce. An shirya jiragen ruwa 24 domin dangi da barori da guzuri. Bisa ga abin da gidanta da masu bin wurin suke faɗi, a daren da za a tashi ta yi mafarki Kali ta ce mata ba sai ta je Kashi ba, ta kafa siffarta a wuri mai kyau a bakin kogi, a can za ta karɓi sujada. Da gari ya waye ta fasa tafiyar, ta sa aka raba guzurin ga matalauta, ta shiga neman fili.

Ta fara nema a gaɓar yamma, wadda suke ganin ta fi tsarki, amma masu ƙasa na can ba su yarda su sayar mata ba. Sai ta samu a gaɓar gabas, fili kamar hekta 8. Wani yanki nasa lambun wani Bature ne mai suna Hastie, wani yankin kuma tsohuwar maƙabartar Musulmi ce. Aikin gini ya ci shekara 8 da rupi 900,000, kuɗin da a wancan zamani ba kowane sarki yake iya fitarwa ba.

Ga yadda aka tsara wurin. Wanda ya zo ta ruwa zai sauka a gat, ya hau matakala, ya shiga ta wani zaure. Dama da hagu na zauren akwai ƙananan ɗakuna 12 na Shiba a jere, shida nan shida can, bayansu yana kallon kogi. Bayan zauren akwai babban fili da aka shimfiɗe da bulo. A tsakiya babban haikalin Kali yake, siffarta ta baƙin dutse tana tsaye a kan furen azurfa mai ganye dubu. Gabansa akwai rumfa mai ginshiƙai domin waƙoƙi da taro. Daga arewa akwai ɗakin Krishna da Rada. Wajen katanga kuma akwai hasumiya biyu inda makaɗa suke busa da kiɗa a lokatan sujada, da lambuna, da ɗakunan girki da na baƙi.

Wa zai ci abincin?

Gini ya kusa ƙarewa sai matsala ta taso. Burin Rashmoni shi ne a riƙa miƙa wa Kali dafaffiyar shinkafa kullum, sa'an nan a raba wa baƙi da matalauta. Ta aika wa malaman addini takardu tana neman hukunci. Amsa ta dawo iri ɗaya: mace Shudura ba ta da ikon miƙa dafaffen abinci, Birahmin kirki ba zai yi hidima a ɗakinta ba, ba kuwa zai ci abin da aka dafa a can ba. Wato dukiyar da ta zuba ta gina ɗakin da allahiyarta za ta zauna da yunwa.

Mutum ɗaya ne ya nuna mata mafita. Sunansa Ramkumar Chattopadhyay, Birahmin ne matalauci daga ƙauyen Kamarpukur, yana da ƴar makarantar koyar da harshen Sanskirit a Kolkata. Ya ce in ta ba da haikalin kyauta ga wani Birahmin, aka yi hidima da sunansa, to, dokar littattafai ba ta karye ba. Ta yi haka, ta rubuta wurin da sunan malaminta, ita kuwa ta zama kamar mai kula kawai. Duk da haka firistoci suka ƙi zuwa, har sai da ta roƙi Ramkumar da kansa ya karɓi aikin. Aka keɓe haikalin ranar 31 ga Mayu 1855, da babban biki da kyautai ga Birahminawan da suka halarta.

Ramkumar yana da ƙane ɗan shekara 19 mai suna Gadadar. Ya zo bikin, amma ya ƙi cin abincin. Ya sayi ƴar soyayyar shinkafa a waje ya ci, ya koma birni da ƙafa. Ko da ya dawo ya zauna wurin wansa, ya yi kwanaki yana karɓar ɗanyen hatsi yana dafa wa kansa a bakin kogi da ruwan Ganga, don kada ya ƙazantu. Wannan saurayi shi ne duniya ta sani daga baya da suna Ramakrishna.

Wannan tambaya ta wa zai ci da wa ba Hindu kaɗai ta dama ba. Tafiya kaɗan daga Dakshineswar, a ɗaya gaɓar, akwai garin Sirampur, wanda a lokacin yake hannun mutanen Denmak. William Carey, wanda ya iso Indiya a 1793, ya koma can a 1800 tare da abokan aikinsa na mishan. A ƙarshen watan Disamba na shekarar suka yi wa wani kafinta mai suna Krishna Pal baftisma a cikin wannan kogi. Abin da ya tayar da hankalin gari tun kafin baftismar shi ne ya zauna ya ci abinci tare da Turawa, ya karya dokar danginsa a fili. A 1801 aka buga Sabon Alkawari da harshen Bengali a Sirampur. A 1803 wani Birahmin da ya karɓi bangaskiya, Krishna Prasad, ya auri ƴar wannan kafinta. Mutanen Sirampur sun ce ba za a kawo bambancin dangi wurin Jibin Ubangiji ba. Ba dukan ikilisiyoyin Indiya suka bi wannan gurbi ba. A wasu wurare na kudu an daɗe ana raba wurin zama cikin majami'a, har da maƙabarta.

Firist da aka ce ya haukace

Matur ya lura da Gadadar, ya lallashe shi ya karɓi aikin yi wa siffar Kali ado. Ba a daɗe ba wani firist ya zame yana ɗauke da siffar Krishna, ƙafarta ta karye. Malamai suka ce a jefa ta kogi a sassaƙa sabuwa, don ba a sujada ga karyayyen abu. Da aka tambayi Gadadar, sai ya tambaya ko Rani za ta yar da surukinta ta nemo wani in ya karye a ƙafa. Ya gyara ƙafar da hannunsa, aka ci gaba da amfani da siffar. Tun daga ranar Rashmoni ta san ba irin sauran firistoci ba ne.

Ramkumar ya rasu a 1856, hidimar Kali ta koma hannun ƙanensa. A nan ne al'amarin ya canja. Saurayin bai gamsu da karanta addu'o'i da kaɗa fitila ba. Yana so ya sani ko akwai wani mai ji a bayan dutsen. Yakan kwana cikin kurmin da ke arewa da haikali, yakan goga fuskarsa a ƙasa yana kuka idan rana ta faɗi bai ga kome ba. Ya faɗa wa almajiransa daga baya cewa wata rana baƙin ciki ya kai shi ga ɗauko takobin da ke rataye a ɗakin don ya kashe kansa, sai ya ga kome ya ɓace, haske kamar teku ya rufe shi, ya faɗi a sume.

Bayan wannan, halinsa ya zama abin magana. Yakan yi hira da siffar, yakan ɗanɗana abincin hadaya kafin ya miƙa, har ya taɓa ba kyanwa yana cewa Uwar ce. Ma'aikatan haikali suka kai ƙara. Wata rana Rashmoni tana zaune a gaban siffar ta roƙe shi ya yi waƙa. Yana cikin waƙar sai ya juya ya mare ta, ya ce ko a nan ma irin wannan tunani take yi. Barori suka taso za su kama shi. Ta hana su, ta ce gaskiya ne, hankalinta yana kan wata shari'a da take da ita a kotu. Mace mai irin wannan dukiya ta karɓi mari daga ma'aikacinta a gaban jama'a, ta kuma bar shi a bakin aikinsa.

Danginsa dai sun ɗauka ciwon hauka ne. Aka nemi magani wurin masu maganin gargajiya, aka mayar da shi ƙauye, a 1859 aka ɗaura masa aure da wata yarinya ƴar shekara biyar mai suna Sarada, bisa ga al'adar lokacin. Ta zauna gidan iyayenta har ta girma, ta zo Dakshineswar a 1872. Ta yi shekaru tana zaune a wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin hasumiyar makaɗa, tana dafa masa abinci da baƙinsa. Ba su yi zaman miji da mata ba har mutuwa ta raba su.

Rashmoni ba ta ga ƙarshen labarin ba. Ranar 18 ga Fabrairu 1861 ta sa hannu a takardar da ta keɓe wata ƙasa da ta saya a Dinajpur domin abin da za a samu ya riƙa ciyar da haikalin. Kashegari ta rasu. Matur ya ci gaba da ɗaukar nauyin Ramakrishna har shi ma ya rasu a 1871.

Hanyoyi da yawa

Dakshineswar yana kan hanyar masu ziyara da suke tafiya Puri da tsibirin Sagar inda Ganga ya haɗu da teku. Tun da akwai abinci kyauta da inuwa da ruwa, masu yawon ibada iri iri sukan yada zango a can. Daga cikinsu Ramakrishna ya sami malamansa. A 1861 wata mace mai yawon ibada da ake kira Bairabi ta zo, ita ce ta fara cewa abin da yake damunsa ba hauka ba ne. Bayan ƴan shekaru wani mai suna Totapuri ya zo ya koya masa koyarwar da ta ce Allah ba shi da siffa ko kaɗan. A 1866 ya bi wani mutum mai bin tafarkin Sufaye, ya yi kwanaki yana salla da ambaton sunan Allah, ya ƙi shiga ɗakin Kali. Wajen 1874 wani maƙwabci mai suna Shambu Charan Mallik ya riƙa karanta masa Littafi Mai Tsarki. Ya ga hoton Maryamu da jariri Yesu a wani gidan lambu kusa da haikali, ya yi kwana uku tunanin Yesu bai bar shi ba, ya ce daga baya ya gan shi cikin wahayi. Har ƙarshen zamansa a can akwai hoton Yesu a bangon ɗakinsa tare da na allolin Hindu.

Daga nan ya fitar da koyarwar da aka fi saninsa da ita, cewa addinai duka hanyoyi ne zuwa wuri guda. Yakan ba da misalin tafki mai mashigai da yawa, kowa yana ɗiban ruwa ta wajensa yana kiransa da sunan da harshensa ya sani. Ya kamata mai karatu ya lura da abin da wannan yake nufi. Ramakrishna bai yi baftisma ba, bai kuwa bar Kali ba. Ya karɓi Yesu a matsayin ɗaya daga cikin masu yawa da Allah ya bayyana ta wurinsu. Ikilisiya ba ta taɓa fahimtar Almasihu haka ba, malamin Musulunci ma ba zai yarda a jera Allah da siffar dutse ba. Amma a ƙasar da addini ya sha jawo zub da jini, mutane da yawa sun ji daɗin maganarsa, kuma duk wanda ya taɓa jin wani yana cewa ai duk hanya ɗaya ce, ya sani wannan ɗan ɗaki na bakin Hugli yana cikin wuraren da maganar ta sami ƙarfi a zamaninmu.

Wani abu kuma ya canja a gare shi. Mutumin da ya ƙi cin abincin Rani saboda danginta, almajiransa sun ba da labari cewa daga baya yakan ci ragowar abincin mabarata, yakan tafi da dare ya wanke makewayin masu shara da hannunsa, don ya kashe girman kan da haihuwa ta ba shi.

Daga bakin kogi zuwa Shikago

A 1875 ya sadu da Keshab Chandra Sen, shugaban wata ƙungiyar ƴan boko masu son gyara addinin Hindu. Keshab ya yi rubutu a kansa a jaridunsa, sai ƴan makaranta da ma'aikatan ofis na Kolkata suka fara hawan jirgin ruwa ko keken doki suna zuwa jin wannan firist da bai yi karatun kirki ba, mai magana da harshen ƙauye. Wani malamin makaranta, Mahendranat Gupta, ya fara rubuta hirarrakinsa daga 1882, daga baya aka buga su littafi biyar.

Cikin samarin akwai Narendranat Datta, ɗalibi a kwalejin mishan ta Ikilisiyar Sukotlan. Abin mamaki, shugaban kwalejin, wani fasto mai suna William Hastie, yana cikin waɗanda suka fara ambata masa sunan Ramakrishna, lokacin da yake bayyana wa aji yadda mutum yakan fita hayyacinsa cikin zurfin tunani. Narendranat ya sadu da shi a 1881. Ya zo da shakka da gardama, ya daɗe yana ƙin yarda da Kali, amma a ƙarshe ya zama babban almajirinsa, ya ɗauki suna Bibekananda.

A 1885 ciwon daji ya kama Ramakrishna a maƙogwaro, aka ɗauke shi daga Dakshineswar bayan shekara 30 a can. Ya rasu ranar 16 ga Agusta 1886 a wani gidan lambu a Kashipur. Bayan shekara bakwai, ranar 11 ga Satumba 1893, Bibekananda ya tsaya gaban babban taron addinan duniya a Shikago ta Amurka ya yi magana da sunan addinin Hindu, jaridu suka ɗauka. Ya dawo ya kafa ƙungiyar Ramakrishna Mishan ranar 1 ga Mayu 1897, da cibiyarta daga baya a Belur, ƙetaren kogi daga Dakshineswar. Sunan mishan da ya zaɓa da irin aikin da suka sa gaba, wato makarantu da asibitoci da taimako lokacin yunwa da annoba, sun nuna ya lura da yadda masu bishara suke aiki a ƙasarsa. Ya rasu a 1902 bai kai shekara 40 ba.

Wurin a yau

Haikalin bai shiga hannun wannan ƙungiya ba. Yana ƙarƙashin amintattu daga zuriyar Rashmoni. Ƙauyen ya zama unguwar birni. An gina gadar jirgin ƙasa da mota kusa da shi a farkon shekarun 1930, aka ƙara wata a 2007. A 2018 aka buɗe wata doguwar hanyar ƙafa a sama daga tasha zuwa ƙofar haikali, aka sa mata sunan Rani Rashmoni, a 2021 kuma jirgin cikin birni ya iso Dakshineswar.

Mai ziyara yakan sayi ɗan kwando da jan fure da alewar madara da turaren tsinke, ya tuɓe takalmi, ya shiga layi. Wasu sukan fara gangarawa gat su yi wanka ko su yayyafa ruwa a ka. Idan layi ya kawo shi ƙofar ɗakin, firist ya karɓi kwandon ya miƙa, ya mayar masa da saura ya kai gida. Kallon siffar ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan kafin na baya ya matso. Cunkoso ya fi yawa a daren idin Kali, cikin duhun wata na Oktoba ko Nuwamba, da kuma ranar 1 ga Janairu. Da yawa sukan tsaya a ɗakin Ramakrishna, inda gadajensa biyu suke har yanzu, sa'an nan su hau jirgin fito zuwa Belur.

Ruwan da suke wanka a ciki kuwa ya sha dattin birane da masana'antu. Gwamnatin Indiya ta fara shirin tsabtace Ganga a tsakiyar shekarun 1980, ta sake ɗaura wani a 2014, aikin bai ƙare ba.

Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar waɗanda ake cewa ba a taɓa su, ko da yake al'ada ba ta mutuwa da takarda. A ƙofar lambun haikali an gina wa Rashmoni ɗan ɗakin tunawa da siffarta a ciki. Birahminawa da Shudura suna bin layi ɗaya su wuce ta gabansa, da tsakar rana kuma ana dafa shinkafa a miƙa, a raba wa jama'a, kamar yadda ta nema a 1855.